Yadda Ake Auna Bin Doka a Wurin Sana'a

Ƴan makarantun yaƙi da jahilci na Madawa, da Buza, da Keita, maza da mata! Ku matso kusa da rediyo. Mai kaye da bik ya ɗauko, domin yau akwai rubutu, akwai kuma lissafi kaɗan.

Maganarmu ta yau a kan awo take. Kowa a cikinku ya san awo. Hatsi da tiya ake auna shi, esansi da lita, nama da sikeli. Manomin albasa na kwarin Tarka ya san ciwon buhun da aka ɗora wa hula, aka biya shi kuɗin buhu guda. Inda babu awo, abin da mai ƙarfi ya faɗa shi ke zama gaskiya.

To, akwai wani abin da shi ma ake aunawa, ko da yake ba ya shiga tiya. Shi ne bin doka a wurin sana'a. Gwamnati ta kafa dokoki don kada sana'a ta cuci mai yin ta, kada kuma ta ɓata ruwa da ƙasa da iskar maƙwabta. Duk mai sana'ar da ka tambaya zai ce maka yana bin doka. Ta yaya za mu san gaskiya ne? In kuma yana bi, kashi nawa yake bi? Abin da za mu koya yau ke nan.

Dokokin da muke nufi

Ku rubuta waɗannan shekaru a kayenku.

1966: dokar wuraren sana'a masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu damun maƙwabta. Irin waɗannan wurare ba a buɗe su sai hukuma ta sani.

1993: dokar tsabtar jama'a. Ita ta yi magana a kan abinci, da ruwan sha, da shara, da ruwan ƙazanta.

1998: babbar dokar muhalli. Muhalli shi ne ƙasa, da ruwa, da iska, da itatuwa, da dabbobin da muke zaune tare da su.

2012: dokar ƙwadago. Ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar wanda ke yi masa aiki. Ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba aiki a ma'aikata, ko da da sunan koyon sana'a ne. Aiki mai haɗari kuwa, sai wanda ya cika 18.

2014: dokar da ta hana yi, da shigowa, da saida ledar nan marar kauri.

2015: dokar kare tsirrai, wadda ta shafi maganin ƙwari.

2018: dokar da ta ce kafin a kafa babban aiki, kamar masana'anta ko mahaƙa, sai an binciki abin da zai jawo wa muhalli, an kuma ji ta bakin mutanen wurin.

Kun ga dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Sai dai doka a cikin takarda kamar iri ne a cikin rumbu. Ba ya tsira sai an kai shi gona.

Su wa ke yin awo?

Akwai sufeton ƙwadago. Ofishinsu na jiha yana Tawa. A 1979 ƙasarmu ta amince da yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Wannan yarjejeniya ta ba sufeto ikon shiga wurin aiki da rana ko da dare, ba tare da ya aiko da saƙo ba. In ya ga kuskure, yana ba da gargaɗi a rubuce, da wa'adin gyara. In wa'adi ya cika ba a gyara ba, sai ya rubuta takardar da za ta kai magana gaban shari'a.

Akwai ma'aikatan tsabta masu duba gari. Akwai malaman daji da muhalli. Akwai malamin dabbobi da ke duba nama a mayanka, ya buga masa hatimi. Akwai malaman gona masu lura da maganin ƙwari.

Amma ku dubi ƙasarmu. Daga Bangi zuwa Garhanga, daga Karofan zuwa Tamaske, injin niƙa nawa ne? Masu walda nawa? Gareji nawa, mahauta nawa, garka nawa? Ma'aikatan hukuma kaɗan ne, hanya da nisa, kuma mafi yawan sana'o'inmu ba su cikin rajista. Sufeto zai iya zuwa sau ɗaya a shekara, ko ma bai zo ba. Kai kuwa kullum kana wurin. Shi ya sa ya kamata ka iya awon da kanka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ido ya haɗu da alƙalami, to ya kusa zama mudu.

Awo na fari: takarda

Kowane mai bincike da takarda yake farawa. Wurin yana da izinin hukuma? Ma'aikatan suna cikin rajistar asusun kare ma'aikata, wato CNSS, da aka kafa tun 1965? Wannan asusu ne ke biyan magani da diyya in ma'aikacin da aka rubuta ya ji ciwo a bakin aiki. Mai ba da aiki yana da awa 48 ya kai labarin haɗarin.

A shagon maganin ƙwari, takardar da ke manne jikin kwalba ita ce shaida. Ƙasashen Sahel suna da kwamiti guda a Bamako da ke tantance waɗannan magunguna. Wanda ya amince da shi yana ɗauke da lamba, da harufa uku: CSP. Ku rubuta su manya-manya. Ku dubi kuma launin da ke gindin takardar. Ja, guba ce mai tsanani ƙwarai. Ruwan ɗorawa, mai haɗari. Shuɗi, a yi hattara. Tsanwa ya fi sauƙi, amma shi ma guba ne. Ku karanta ranar da maganin zai lalace. Ku karanta kwana nawa za a jira tsakanin feshi da ɗibar amfani.

Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalbar lemo ba ta da suna, ba lamba, ba rana. Ta faɗi awo tun daga matakin fari.

Awo na biyu: wurin da kansa

Takarda tana iya cika, wuri kuma ya zama tarko. Gani ya kori ji. Saboda haka sai a shiga a duba. Ga tambayoyi 10. Kowace amsarta i ko a'a. Ku rubuta su, ku bar fili a gaban kowace.

1. Akwai ruwan sha mai tsabta ga ma'aikata?
2. Akwai ruwa da sabulu na wanke hannu, da makewayi?
3. Bel ɗin inji, da duk abin da ke juyawa, an rufe shi?
4. Wayar lantarki tana cikin rigarta, nesa da ruwa?
5. Esansi da gas suna nesa da wuta, kuma akwai yashi ko abin kashe gobara a kusa?
6. Mai aikin yana sanye da kayan kariya a lokacin da ka iso?
7. Ƙura da hayaƙi suna da hanyar fita?
8. Guba tana kulle, nesa da abinci da hannun yara?
9. Baƙin mai, da jini, da ruwan wanki, da kwalaben magani suna da wurin zuba su nesa da rijiya da gulbi?
10. Babu ƙaramin yaro a kan aiki mai haɗari?

Ku lura da tambaya ta 6. Ba mu tambaya ko an sayo kayan kariya. Muna tambaya ko suna jikin mutum. Baƙin gilashin walda da ke rataye a ƙusa ba ya kare idon kowa. Mai feshi yana bukatar riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu, da abin rufe hanci da baki. Ya juya wa iska baya, kada ya ci goro ko ya sha taba sai ya yi wanka.

Ƙara ma ana auna ta. Ma'auninta sunansa desibel. Masana sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in mutum yana cikinta awa 8 kullum, tana cin kunne. Ba ka da na'ura? Tsaya nesa da abokinka tsawon hannu guda. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar ta kai inda take ɓarna. Ku gwada wannan a ɗakin injin niƙa.

Tambaya ta 9 ta fi shafar mutanen fadama. A kwarin Tarka ruwa yana kusa, shi ya sa albasa ta karɓe mu. Abin da ya sa ruwan ke da sauƙin samu, shi ya sa yake da sauƙin ɓaci. Wanda ya wanke famfon feshi a bakin rijiya, gobe iyalinsa ne za su sha. Kwalbar magani in ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan cikin famfon feshi, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. Ku ƙidaya taku nawa ne daga inda ake zubar da ƙazanta zuwa rijiya. Ku rubuta adadin.

Ledar da aka hana a 2014 kuwa, ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin awaki. Su ne za su gaya muku ko ana bin wannan doka.

Awo na uku: jikin mutane

Wannan shi ne awon da ba ya ƙarya. A cikin shekara, mutum nawa suka ji ciwo? Kwana nawa suka yi ba su fita aiki ba? Wa ke tari ba ya warkewa? Wa ya daina ji sosai? Wa ya yi amai, da zufa, da ciwon kai, da dishi-dishin ido bayan feshi?

Wanda ya ga waɗannan alamu bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita maza-maza tare da kwalbar maganin. Nono ba ya karya wannan guba.

A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aikinsu. Haɗarin farat ɗaya yana kashe wajen dubu 330. Sauran duka cuta ce mai cin mutum sannu a hankali. Mai fasa dutse a kan tudun Adar yana shaƙar ƙura yau, sai bayan shekaru numfashi ya gagare shi. A lokacin ba mai tuna dutse.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara, cikin Najeriya, a 2010. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida, suna daka shi, suna niƙa shi. Dutsen yana da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Ido bai ga komi ba. Sai da likitoci suka auna jinin yara da ƙasar gidaje, sannan aka gane mai kisan. Wannan ya nuna mana iyakar ido. Akwai gubar da sai na'ura. In ciwo iri ɗaya ya yawaita kewayen wata sana'a, ku kai labari gidan likita, ku roƙi a zo a auna.

Lissafi

Yanzu mu koma ga tambayoyinmu 10. A ce mun duba wani injin niƙa, mun samu i 7, a'a 3. Wato 7 cikin 10, ko 70 cikin 100. Bayan wata 3 muka koma, muka samu i 9. Ya zama 90 cikin 100. An ci gaba da 20. Awo guda ba ya nuna tafiya. Sai ka auna yau, ka auna gobe, sannan ka san ko gaba ake yi ko baya. Saboda haka kowane awo a sa masa kwanan wata.

Haka ake yi wa gari duka. A ce a wata kasuwa akwai masu saida maganin ƙwari 20, mutum 5 kaɗai ke da kaya masu lambar CSP. Wato 5 cikin 20, kashi ɗaya cikin huɗu, 25 cikin 100. Wannan magana ce da za a iya kai wa magajin gari. Ta fi a ce masa kasuwa ta lalace.

Wuraren da awo ke yaudara

Na ɗaya: tambayoyi ba nauyinsu ɗaya ba. Mai i 9 cikin 10, in a'arsa guda ita ce esansi kusa da murhu, to 90 ɗinsa ba za ta kashe gobara ba. Ku ja layi ƙarƙashin tambaya ta 3, da ta 4, da ta 5, da ta 8, da ta 10. A'a a ɗaya daga cikinsu ba ta jiran wata uku. Yau ake gyara ta.

Na biyu: a ƙidaya da yawan mutane. A ce wata ma'aikata mai mutum 40 ta yi rauni 4 a shekara. Wani gareji mai mutum 6 ya yi rauni 3. Wanne ya fi haɗari? Wani zai ce mai 4. Ku yi lissafi. Na fari 1 ne cikin 10. Na biyu rabin mutanen ne. Garejin ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Na uku: sifiri iri biyu ne. Akwai sifirin babu wanda ya ji ciwo. Akwai sifirin babu wanda ya rubuta. Littafin da ba a taɓa buɗewa ba kullum fari yake tas. Ku tambayi ma'aikata su kaɗai, ba a gaban maigidansu ba.

Na huɗu: ranar baƙi. In an san mai bincike yana tafe, sai a yi shara, a raba safar hannu, a kori yara gida. Awon gaskiya shi ne na ranar da ba a zata ba, lokacin da aiki ya yi zafi, kamar kakar albasa.

Na biyar: toshiyar baki. Sikelin da aka danne da yatsa ba sikeli ba ne. Wanda ya ba da kuɗi aka kau da ido, ya sayi takarda, haɗarin kuwa yana nan inda yake. In an ci ka tara, ka nemi rasit, ka karanta abin da aka rubuta a kai.

Ga masu sana'a

Alhaji mai shago, malam mai inji, Sarkin Fawa, inna mai tuwon saidawa, kada ku ɗauki wannan magana ta neman laifi. Yawancin abin da ke cikin tambayoyin nan ba ya cin kuɗi mai yawa. Randar ruwa, sabulu, bokitin yashi, ƙarfen da zai rufe bel, kwaɗon da zai kulle guba. Ku gwama kuɗinsu da kuɗin hannun yaron da inji ya fizge. Yaran shagonku amana ce, kuma sau da yawa ɗan ƙanenka ne ko ɗan maƙwabcinka. Rigakafi ya fi magani. Mai sana'ar da ya auna kansa da kansa ba ya faɗuwar gaba ranar da sufeto ya yi sallama.

Mutanen wannan yanki sun san wuyar gyaran ƙasa. Tun 1975 mutanen Buza suka fara jera dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. Tun 1984 mutanen Keita, mata su ne kan gaba, suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka, suka dasa miliyoyin itatuwa, har fako ya koma gona. Ƙasar da aka farfaɗo da ita da irin wannan gumi ba ta cancanci a zuba mata baƙin mai da guba ba.

Me za a yi da abin da aka rubuta?

Kada kowa ya kutsa shagon wani yana bincike. Wannan ikon hukuma ne. Ka fara da wurin da kake aiki, ko da garkarka. In ka ga gyara, ka sami maigida cikin ladabi, ka nuna masa kayenka. In ƙungiya gare ku, ta manoman albasa, ko ta mahauta, ko ta mata, ku yi awon tare, ku sa ranar komawa. In an ƙi gyara abin da zai iya kisa, ku kai wa maigari, da magajin gari, da ma'aikatar da abin ya shafa. Ku tafi da abu huɗu a rubuce: rana, wuri, abin da kuka gani, da adadi. Ƙarar baki tana bin iska. Takarda mai kwanan wata tana jiran amsa.

Aikin wannan mako

Malaman karatu, ku rubuta tambayoyin nan 10 a allo, kowa ya kwafa. Sannan ku tattauna waɗannan:

1. Wace sana'a ce a garinku ta fi jawo rauni ko ciwo?
2. Kwalaben maganin ƙwari nawa ke gidanka? Nawa ke da harufan CSP? Wane launi ke gindinsu?
3. Wani wuri ya samu i 6 cikin 10. Kashi nawa ke nan cikin 100?
4. Taku nawa ne tsakanin rijiyarku da inda ake zubar da ƙazanta?

Kowa ya auna wuri guda kafin mako mai zuwa, ya kawo kayensa makaranta. Abin da kuka samu, malaminku ya tattara ya aiko mana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.